Kwana Goma Sha Ɗaya da Mutumin Gonar Coci

Surukina, mahaifin matata, shi ne mai wankan gawa na mutanenmu a Birmingham. Daga zangon Kumasi ya zo tun kafin a haifi matata. Ya yi aikin masana'anta har aka rufe ta, ya yi gadi har gwiwa ta ƙi, amma wankan gawa bai taɓa ajiye shi ba. Duk Bahaushen da ya rasu a unguwar Perry Barr da kewaye, ɗan Gana ne ko ɗan Najeriya, ta hannunsa yake bi. Ba mai yawan magana ba ne, kuma buri ɗaya na san shi da shi: jama'armu su sami maƙabartar kansu, a sa shi a ciki. Ba ya son filin binne na hukuma, ba don an wulaƙanta kowa a can ba, sai don kabarin can na wasu shekaru ne a rubuce. "Ina raye ina hayar flat, in mutu kuma in ci gaba da haya?" Haka yake ce wa matata.

Matata yake ce wa, ba ni ba. Shekara goma sha huɗu ina auren 'yarsa, ban taɓa zama kujera ɗaya da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. In na zo daga Salford, inda muke zaune, sai in durƙusa a bakin ƙofar falo in gaishe shi kaina a ƙasa, ya amsa yana kallon talabijin, in sulale kicin. In yana da saƙo gare ni, wani yake ba wa ya faɗa mini, ko da muna cikin gida ɗaya. Haka na ga ana yi a Kano inda na tashi, haka shi ma ya gani a zango, kuma mu duka biyu muna taƙama da cewa Ingila ba ta ɓata mu ba. Matata, haifaffiyar nan, kurame biyu take ce mana. A lokacin daɗin abin nake ji. Yanzu in na tuna sai in ji bakina ya yi ɗaci.

Bayan an daɗe ana fafutuka, ƙungiyar jama'armu ta sami fili a wani ƙauye arewa da Birmingham, gonar tumaki ce mai gangare, da kogi a ƙasanta. A lokacin Baba, surukin nawa, ya riga ya fara ciwo, ƙafafunsa sun kumbura, kowa ya san sauri ake yi saboda shi. Hukumar yankin, wato council, ta yarda da maganar maƙabarta, amma da sharaɗi ɗaya: kada a sa ko shebur a ƙasa sai masu binciken kayan tarihi sun zo sun duba, domin wata tsohuwar taswira ta nuna alama a wurin.

Sakataren ƙungiya ɗan garinmu ne, kuma ba da alfahari nake faɗa ba. Mutum ne mai waya biyu da turare mai hawa kai, wanda in ya ce maka babu matsala, to ka fara neman lauya. Shi ya ce sharar fili ai ba gini ba ce. "Gayya kawai za mu yi," in ji shi, "mu sare ƙaya, mu kafa shinge. Council ba su hana mutum gyara kayansa ba." Kalmar gayya ita ta cinye mu. Mutanen da suka shekara ashirin suna tuƙin tasi da goge bene, kowa ya tuna gonar ubansa, kowa ya ji jininsa ya motsa.

Wata Asabar a ƙarshen sanyi muka haɗu, mu kusan talatin, da adduna da shebur da diga da guduma. Mata suka aiko da shinkafa da wake irin ta Gana, da yajinsu baƙi mai sa hawaye. Aka kafa wa Baba kujera a bakin ƙofar gonar, aka rufa masa bargo a ƙafa. Daga inda nake aiki ina hango hularsa.

A kusurwar sama akwai wani tudu da ƙaya ta lulluɓe. Da muka sare ƙayar sai ga duwatsu, ba irin na daji ba, sassaƙaƙƙu ne masu kusurwa huɗu, wasu da zanen ganye a jikinsu. Sakatare ya yi murna, ya ce Allah ya kawo mana tsakuwa kyauta, a farfasa a shimfiɗa inda za a riƙa ajiye motoci. Aka hau su da guduma ana waƙa. Ni ma na fasa, guda uku, kuma na tuna na ji daɗin ƙarar.

Muna cikin haka wata tsohuwar Baturiya ta ɓullo ta jikin shinge, da takalmin roba har gwiwa, da kare, da takardu a cikin leda. Tana haki ta tambayi wane ne babba. Ta ce tun kakanninta sunan wannan fili Gonar Coci, ta ce shekara talatin tana neman inda wani ƙaramin coci ya tsaya kafin ya ɓace, kuma ga dukkan alamu shi muke farfasawa. Ta roƙe mu mu dakata.

"Yes madam, of course madam," in ji Sakatare, har da ɗan rusunawa. Sannan, murmushin yana nan a fuskarsa, idonsa a kanta, ya ce da Hausa, "Tsohuwa ta rasa aikin yi. Ku bari ta wuce ku ci gaba." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na sha ganin mun ɓuya a bayan harshenmu a cikin bas ko a layin asibiti, ban taɓa jin ƙyamar abin ba sai ran nan. Ta sunkuya ta ɗauki wani guntun dutse mai rabin ganye, ta rubuta lambar wayarta a takarda ta miƙa mini don ni ne kusa da ita, ta ja karenta ta tafi.

Bayan azahar aka sa mu huɗu haƙa ramukan shinge a gefen tudun. Ramina bai kai gwiwa ba shebur ya daki wani abu, ya yi ƙara kamar an fasa ƙwarya. Na ce ƙashin tunkiya ne. Na sa hannu na share ƙasa, sai ga muƙamuƙi da haƙora a jere, sun cinye sun yi lebur, da giɓi ɗaya a gefe. Sama da shi ga ƙoƙon kai, ga tsagar da sheburina ya yi masa yanzun nan, fara tas a jikin ƙashi mai launin shayi. A miƙe yake kwance, hannuwa a kan ciki. Ba faɗuwa ya yi ba, kwantar da shi aka yi, kuma wanda ya kwantar da shi ya yi a tsanake.

Aka kira Sakatare. Ya leƙa ramin sau ɗaya, daga nan titi ya riƙa kallo. "In council suka ji wannan, an gama," ya ce. "Police, bincike, shekara biyar ba mu binne kowa a nan ba. Baba kuma ba shi da shekara biyar." Ya ce mu tsaya. Ya taka har inda Baba yake zaune, ina kallonsa ya sunkuya, suka yi magana, Baba ya girgiza kai, sannan ya ɗaga hannu. Ya dawo ya ja ni gefe.

"Baba ya ce ka kwashe shi ka tafi da shi can wajenku Manchester, ka san yadda za ka yi da shi. Ya ce kai nasa ne, kai zai iya ba wa amana."

Tsakanina da kujerar Baba bai fi taku hamsin ba. Na sha ƙirga takun nan a raina tun daga lokacin. Abin da ya kamata shi ne in je in durƙusa in ce, Baba, da gaske kai ka faɗi haka? Amma suruki ba ya bin diddigin saƙon suruki. An aiko maka, ka ji, ka yi. Sakatare ya san wannan sarai, ɗan Kano ne, shi ya sa cikin mutum talatin ni ya zaɓa.

Aka zazzage buhun shinkafar da mata suka zubo faranti a ciki, aka miƙo mini. Sauran ukun suka juya baya kamar ina kama ruwa. Ɗayansu ya ce, don ya sanyaya mini rai, "Ai ba Musulmi ba ne." Na kwashe abin da hannuna ya kai, kai da haƙarƙari da dogayen ƙasusuwa da ƙananan na yatsu, na ɗaure bakin buhu, na sa a but ɗin motata kusa da tayar safaya. Aka kafa ƙarfen shinge a ramin, aka zuba siminti.

A hanyar komawa, duk inda taya ta taka gargada sai in ji shi a baya, ƙwaras ƙwaras. Karatun Alƙur'ani nake saurare a mota, na kashe don kunya, na ji shirun ya fi muni, na sake kunnawa. Da na isa Salford na ajiye motar a ƙarshen layi, nesa da tagarmu, na hau sama na wanke hannu har matata ta tambaye ni ko man fetur na taɓa.

Na ce mata mota ta sami matsala, kada kowa ya taɓa ta. Na koma shiga jirgin cikin gari zuwa aiki. Ran Lahadi da safe na tuƙa zuwa bakin ruwa, wajen dogayen gine-ginen gilashin nan na 'yan talabijin, na buɗe but, na kama wuyan buhun. Masu gudun motsa jiki suna wucewa suna ce mini barka da safiya. Na dubi ruwan, baƙi ƙirin, da gwangwanaye da ledoji suna yawo a kai. Na rufe but na koma gida. Na yi tunanin kwandon shara, na yi tunanin daji, na yi tunanin haƙa rami a bayan gida, kowane na tuna sai na ji na fi ƙyamar kaina. Babu wani wari, ƙashi ne busasshe na ɗaruruwan shekaru, amma ni ina jin wari a rigata, a sitiyari, a cikin shayi. Shinkafa kuwa na daina ci.

Abin da ya fi ci mini rai ba buhun ba ne, Baba ne. Mutumin da yake korar mutane daga ɗakin wanka in sun ɗaga murya, wanda yake dafa ruwa don kada gawa ta ji sanyi, wanda ba ya bari yatsan mamaci ya leƙo daga mayafi. Ashe duk wannan na namu ne kawai, na wasu kuwa buhu. Ashe don ya sami wurin kwanciya zai iya tashin wani daga nasa. Na raina shi a zuciyata, raini na gaske, irin wanda ban taɓa yi wa wani babba ba. Da ya bugo waya yana magana da jikokinsa, aka miƙo mini in gaishe shi, na gaishe shi da ladabin nan nawa na kullum, ina jin kamar in tofar da yawu.

A kwana na tara na ga takardar tsohuwar a aljihun wandon aiki. Na kira ta, ta ce in zo. Na ɗauki hutun yini, na tuƙa zuwa ƙauyen, mutumin yana bayana. Ban san me na je yi ba. Wataƙila na yi zaton bakina zai buɗe da kansa.

Gidanta ƙarami ne, takardu har kan kujeru. Malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Ta haɗa mini shayi, ta baza taswirori, ta ba ni tarihin kamar wadda ta daɗe tana jiran a tambaye ta. Ta ce a zamanin da, babban cocin yankin yana ƙetaren kogi. Mutanen wannan ɓangaren talakawa ne, makiyaya da masu noma gonar wani. In sanyi ya zo kogi ya cika, ba sa iya haye da mamatansu, sai gawa ta kwana huɗu, biyar, a ɗaka ana jiran ruwa ya janye, wani lokaci masu ɗaukar makara su zame a mashigi. Suka yi ta kai kuka wajen manyan coci, shekara da shekaru, a ba su izinin gina ɗan ƙaramin ɗakin ibada da ɗan filin binne nasu. Manyan suka yi ta ja musu rai, daga baya suka yarda. Ina zaune ina jin wannan, na ga ƙungiya ce irin tamu sak, har da jiran takarda.

Na tambaye ta yadda gini guda zai ɓace. Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. Ta ce wani sarki ya sauya tsarin addinin ƙasar, aka ƙwace irin waɗannan ƙananan wurare. Aka kware dalmar rufin aka sayar, aka sauke ƙararrawa, ruwa ya shiga, bango ya zube. Manoma suka riƙa zuwa da amalanke suna ɗiban dutse suna gina rumbu da turken dabbobi. Jikokin waɗanda aka binne a wurin su ne suka sako tumaki a kansu. Bayan 'yan zuriya babu wanda ya san inda yake, sai suna kawai da ya maƙale wa gonar.

Ta ce in zo in ga wani abu. Muka taka zuwa gidan gonar maƙwabcinta. A bayan turken aladu akwai wani kwano na dutse, babba, da zanen ganye irin wanda na fasa. A cikinsa ake yi wa jarirai wankan shiga addini, in ji ta, kowane mutumin da ke kwance a gonarku an tsoma shi a nan yana ɗan kwana bakwai. Yanzu dusa ce a ciki da ɓawon dankali da ruwa kore, wata ƙatuwar alade ta sa ƙafa ɗaya a ciki tana tauna. Na toshe hanci. Na so in ji sanyi a raina cewa su ma nasu ba su fi mu ba, amma ko wannan ban samu ba, sai ƙyama a kan ƙyama.

Da ta rako ni mota ta dafa but ɗin da hannunta don ta huta. "Ni ba ginin ne ya dame ni ba," ta ce. "So nake in san inda suke kwance kafin in mutu. Ya kamata a ce wani ya sani." Tafin hannunta yana daidai saman buhun. Na yi mata godiyar shayi na tayar da mota.

Kwana biyu bayan haka matata ta gaji. Tana da ganin likita da ƙaramar 'yarmu, ruwa ake yi, ta ɗauki makulli ta ce ita za ta ga wace irin matsala ce wannan da ba a kai ta gareji. Ina ɗaure takalmi na ji ta dawo da gudu. Ta tura yarinyar wajen maƙwabciya, ta rufe ƙofa, ta jingina da ita.

"Mene ne a boot ɗin motar nan?"

Na faɗa mata duka. Ta saurara ba ta katse ni ba, har na zo kan saƙon Baba.

"Babana ne ya ce haka? Ka ji da kunnenka?"

"Sakatare ya aiko."

"Ka tambaye shi? Kai, da bakinka?"

"Haba, ta yaya zan tambaye shi?"

"Fourteen years!" ta ce, tana dafe kai. "Kana ɗauke da mutum a buhu saboda ba ka iya yi wa tsoho tambaya ɗaya. Get in the car. Ni zan tuƙa."

Mun sami Baba a falo bayan la'asar, ƙafafunsa a kan matashi. Na durƙusa a bakin ƙofa yadda na saba. Ita kuwa ta tsaya a tsakiyar ɗaki ta zazzage masa komai, rabi Hausa rabi Turanci. Ya rage ƙarar talabijin, sannan ya kashe ta gaba ɗaya.

"Ran gayya?" ya ce. "Yaron nan, Sakatare, ya zo wurina sau ɗaya. Cewa ya yi ko a ƙaro mini shayi, na ce a'a, na gode."

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Kwana goma sha ɗaya ina zagin bawan Allah a cikina a kan kofin shayi.

Ya ce a shigo da buhun. Na kawo na ajiye a gabansa. Ya aiki matata ta buɗe akwatinsa na ƙarƙashin gado ta ɗauko farin yadin da ke can ƙasa. Ta tsaya turus, domin ta san yadin, likkafaninsa ne da ya yanka ya ajiye wa kansa. Ya ce ta ɗauko. Ya sauko daga kujera da ƙyar, ya ƙi a kama shi, ya durƙusa a kan kumburarrun gwiwoyin nan, ya shimfiɗa yadin. Ya yi bismilla ya kwance bakin buhu. Ɗaya bayan ɗaya ya riƙa fito da su da hannu biyu, yana sa kowane a inda ya dace, kai a sama, haƙarƙari, cinya, ƙwauri. Ƙwayoyin shinkafa sun shiga ramin ido, ya sa ɗan yatsa ya tsince su tsaf. Da ya zo kan tsagar da na yi, ya shafa ta da babban yatsa ya wuce, bai tambaya ba. Ya naɗe, ya ɗaure kai da tsakiya da ƙafa.

Sannan ya yi mini magana, ni, kai tsaye, ba ta bakin kowa ba.

"Malam, kwana nawa?"

"Sha ɗaya, Baba."

Ya jinjina kai. Ya ce wa matata ta kira 'yan sanda. Ta ce, "Baba, ka san in na kira, filin ya tafi ko?" Ya ce ya sani, ai ba yaro ba ne, ta kira.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Na amsa tambayoyi a ofishin 'yan sanda har bakina ya bushe, aka ja mini kunne aka sake ni. Masu bincike suka zo da 'yan burushinsu, suka tono harsashin ginin a ƙarƙashin tudun, da kaburbura jere-jere har zuwa inda muka so ajiye motoci. Aka janye izinin maƙabarta. Sakatare ya rantse a gaban jama'a cewa ni ne ban fahimci saƙo ba, kuma har yau shi ne sakatare. A masallaci wasu suka daina ba ni hannu, wai surukin Baba ne ya kashe maganar fili. Tsohuwar malamar ba ta taɓa yi mini faɗa ba, kati ma ta aiko mini na godiya, na sa shi a aljihun tebur don ba na iya kallonsa. Mutumin kuma aka warware shi daga likkafanin, aka sa shi a kwali, aka rubuta masa lamba, aka kai shi wani ɗakin ajiya har a gama nazari. Yadin suka dawo mana da shi a ninke cikin leda.

Kafin sanyi ya sake zagayowa aka kwantar da Baba a babban asibitin Edgbaston. Ranar da na je ni kaɗai, da rana ne, gadonsa na jikin taga, ana hango jiragen ƙasa suna shiga tasha suna fita. Na tsaya daga ƙafar gado na gaishe shi. Ya riga ya san a filin hukuma za a sa shi, shi da kansa ya ce wa matata ta je ta cike takardun.

"Malam," ya ce, "an mayar da mutumin nan?"

Na sunkuyar da kai. Na fara haɗa wata amsa mai laushi, irin wadda ake ba manya, cewa ana nan ana ƙoƙari.

"Ɗago kanka," ya ce. "Wannan sunkuyon shi ya kawo mu nan. Ni ma da laifina, na ji daɗinsa. Ɗago ka faɗa mini."

Na ɗago. Ban taɓa sanin idanunsa ƙanana ba ne haka, da wani farin zobe kewaye da baƙin. Na ce ba a mayar da shi ba, yana cikin kwali, sun ce ba su san ranar gamawa ba.

Ya mai da ido kan taga. "To, ni da shi duka ba mu samu ba," ya ce. "Ni dai za a rufe ni. Shi kuwa mu muka tashe shi. Ka riƙa tambayarsu. Kada ka aiki kowa."

Mako biyu bayan nan muka binne shi, a layi na ƙarshe kusa da katanga, tsakanin mutane biyu da bai taɓa sani ba.

Duk farkon wata ina kiran ɗakin ajiyar. Wata budurwa ce take ɗauka, ta riga ta gane muryata, ba ta ma tambayar lambar kwalin. Tana da kirki, tana ba ni haƙuri, tana cewa an sa maganar a jerin abubuwan da za a duba. Wannan watan ma na kira. Yana nan a kwalinsa, a kan kantar ajiya ta uku.